Daga Landan zuwa Paris: kwana 38 da minti 46

Ranar da taubashiyata ta haihu a Paris, Kawu da kansa ya kira ni. Ina ɗakina a unguwar Whitechapel da ke gabashin Landan, inda nake zaune tun da na zo karatun digiri na biyu. Muka gaisa, ya ce albishirinka, na ce goro. Ya ce, "An samu ɗa namiji. Suna ranar Litinin ta sama. Ai kana nan kusa da mu, ɗana, ka hau jirgi ka zo ka tsaya a madadin mahaifiyarka."

Kawu yayan Innata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mutumin Maraɗi, ya haura shekara talatin a Faransa. Aure ne ya kai Inna Kano, kuma tun da ya tafi sau uku kacal suka sa juna a ido. Don haka da ya ce in tsaya a madadinta, na san nauyin maganar. Na ce, "In sha Allahu, Kawu, kuna iya sa ran ganina."

Muna ajiye waya na buɗe kwamfuta na duba. Tsakanin tsakiyar Landan da tsakiyar Paris, in aka ja layi miƙaƙƙe ta sama, kimanin kilomita 344 ne. Daga filin jirgin Heathrow zuwa na Charles de Gaulle kuwa kusan 350. Bai ma kai nisan Kano zuwa Abuja ta sama ba, wanda ya ɗan haura 360. Lokacin tafiya, kamar yadda kamfanonin jirgi suka rubuta, awa ɗaya da minti 15 zuwa 20. Jirage kuma ga su nan tun asuba har dare. Na kwanta a daren nan da tunanin cewa ko da safiyar sunan na tashi, zan riski raɗin suna.

Washegari wani ɗan ajinmu mutumin Ghana ya tambaye ni ko ina da bizar Schengen. A nan lissafina ya fara warwarewa.

Takardar izinin zaman da ke hannuna ta Birtaniya ce, kuma iyakarta Birtaniya. Faransa tana cikin wani rukuni na ƙasashen Turai, yanzu su 29, da suka cire shingen iyaka a tsakaninsu, suka koma amfani da biza ɗaya. Sunan Schengen ya samo asali ne daga wani ƙauye a Luxembourg inda aka sa hannu kan yarjejeniyar a 1985, ta fara aiki a 1995. Mutane da yawa a gida suna ɗauka ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai a Janairun 2020 ce ta jawo wannan rabuwa, amma Birtaniya ba ta taɓa shiga yarjejeniyar Schengen ba, ko lokacin da take cikin Tarayyar. Mai koren fasfo irin nawa tun can biza biyu yake nema. 'Yan ajinmu Turawa kan tafi Paris ranar Juma'a da yamma su dawo Lahadi, kamar yadda ɗan Kano zai leƙa Zariya. Ganin haka kullum ne ya sa na ɗauka ƙofar a buɗe take ga kowa.

Ga abin da aka buƙata daga wajena. Fasfo wanda bai wuce shekara goma da bayarwa ba, mai sauran aƙalla wata uku bayan ranar da zan baro Faransa, da shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba. Shaidar izinin zamana a Birtaniya, da wasiƙa daga makaranta. Takardar banki ta watanni uku. Inshorar lafiya ta tafiya da za ta iya ɗaukar nauyin yuro 30,000. Tikitin zuwa da dawowa. Kuɗin biza yuro 90, ban da ladan ofishin da ke karɓar takardun. Sannan shaidar masauki, wadda ita ce ta fi cin lokaci. Tun da a gidan Kawu zan sauka ba a otal ba, sai da ya je ofishin magajin garin yankinsu da ƙafarsa, da katin shaidarsa da takardun gida da na albashi, ya sayi kan sarki na yuro 30, aka ba shi takardar da ke nuna ya yarda ya sauke ni. Hotonta ba ya wadatarwa, ainihinta ake so, don haka ta gidan waya ya aiko min da ita. Dattijo ne mai ciwon gwiwa, ga hidimar haihuwa a gida, amma sau biyu ya je ofishin nan saboda ni. Har yanzu in na tuna sai in ji wani abu a ƙirjina.

Doka ta ce ana yanke hukunci kan biza cikin kwana 15 daga ranar da aka karɓi takardu. Sai dai kafin a karɓa, dole a ba ka rana da lokacin da za ka je a ɗauki hoton yatsunka, kuma samun wannan rana shi ne gumurzun. Na yi kwanaki ina buɗe shafin da asuba bayan na idar da salla, da tsakar dare kafin in kwanta, kullum babu gurbi. Ranar suna ta zo ta same ni a ɗaki. Ta bidiyon waya na ji an raɗa wa yaro suna, na ga Kawu cikin farar babbar riga yana raba dabino da goro a falo, mutanen Nijar da na Najeriya da na Senegal sun cika gidan har bakin ƙofa. Da aka miƙa masa wayar na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ba laifinka ba ne, ɗana. Ka yi ƙoƙari ka zo kafin mai jego ta yi arba'in."

Sai a kwana na 22 da haihuwar na samu shiga ofishin. Tikitin da na haɗa a takarduna na ranar Alhamis ne, kwana 16 bayan nan, wato kwana ɗaya tak na bari a kan wa'adin doka. Kasada ce, domin tikiti mai arha ba a mayar da kuɗinsa. Na zaɓi jirgin sama a zuwa saboda a ranar nan ya fi jirgin ƙasa sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, na zaɓi jirgin ƙasa a dawowa saboda Kawu ya dage cewa tashar tana kusa da gidansa. Allah Ya taimake ni, bayan kwana goma fasfona ya dawo da biza manne a ciki. Na yi sujada a tsakar ɗaki.

Akwai wani abu game da tikitin da ya ɗaure min kai da farko, kuma na ga yana ɗaure wa wasu. An rubuta tashi 10:40, sauka 13:00. Mai lissafi da yatsu zai ce awa biyu da minti 20 ke nan. Amma kowane lokaci a tikiti da agogon garinsa ake rubuta shi, kuma Paris tana gaban Landan da awa ɗaya duk shekara. Awa ɗaya da minti 20 ce. Jirgin da ke dawowa kuwa, in ka duba takardarsa, sai ka ga kamar minti 20 kawai zai yi. Abin da ya ƙara min daɗi shi ne yadda agogon gida ke shiga tsakani. Najeriya da Nijar ba sa taɓa agogonsu. Turai kuwa suna tura shi gaba a Lahadin ƙarshe ta Maris, su dawo da shi baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Saboda haka da zafi agogon Landan ne daidai da na Kano, da sanyi kuma na Paris. Ina cikin jiran bizar aka yi wannan sauyi. A tsakiyar Nuwamba da zan tafi, agogon Kawu da na Inna sun zama ɗaya, ni ne na koma baya.

Daren tafiya na zauna haɗa kaya. Tikitina na jakar hannu ne kawai. Inna ta aiko ta hannun wani da ya zo daga Kano da turmin atamfa biyu, da kayan jariri, da yajin jego, da kwalbar humra babba. Humrar ce ta ba ni aiki, domin a lokacin dokar da aka kafa tun 2006 tana aiki: duk wani abu mai ruwa a jakar hannu kada mazubinsa ya wuce mililita 100, kuma duka su shiga leda ɗaya mai nuna abin da ke cikinta, wadda ba ta wuce lita ɗaya ba. Na sayo ƙananan kwalabe huɗu na juye a hankali, ɗakin ya ɗauki ƙamshin ɗakin Inna har na daɗe zaune ban ci gaba da komai ba. Akwai kuma dambun nama da matar wani abokina ta yi musamman don mai jego. Shi kam dole na bar shi, domin tun farkon 2021 ba a yarda matafiyi ya shiga ƙasashen Tarayyar Turai da nama ko kayan madara daga Birtaniya ba. Na kira ta na faɗa mata gaskiya, ta ce in raba wa maƙwabta, ladan yana nan.

Na ƙudurta zan rubuta lokacin kowane mataki a ɗan littafina, don in san ainihin abin da tafiyar ke ci. Na ja ƙofar ɗaki da ƙarfe 7:20, gari yana fara wayewa, ga sanyi mai shiga ƙashi. Tafiyar minti goma a ƙafa zuwa tasha. Na hau layin Elizabeth, sabon layin jirgin ƙasa da aka buɗe a 2022, wanda ke ratsa ƙarƙashin birnin daga gabas zuwa yamma ba tare da an sauya jirgi ba. Heathrow tana kimanin kilomita 24 yamma da tsakiyar Landan, wato ni da zan je kudu maso gabas, sai da na fara da yin kusan awa guda ina nausawa yamma. Na isa 8:25.

Tun da fasfona mai buƙatar biza ne, na'ura ba ta ba ni takardar shiga jirgi ta waya ba, sai da na bi layi wata ma'aikaciya ta buɗe fasfon ta duba bizar da idonta. Daga nan wurin bincike: cire riga mai nauyi, cire bel, fito da kwamfuta, ajiye ledar humra a faranti daban. Wani jami'i ya ɗaga ledar ya juya ta, ya tambaye ni mene ne, na ce turare ne na gida, ya goga wani ɗan ƙyalle a jikin kwalba ya sa a na'ura, ya miƙo min. Ƙarfe 9:05 na fito. Sauran awa guda da minti 35 kafin lokacin tashi, kuma babu abin da zan yi da su sai zama. Na san wasu za su ce da na ƙara barci. Amma wanda ya yi kwana 38 yana jiran tafiya ba ya wasa da ƙofar jirgi, wadda ake rufewa tun kafin lokacin da aka rubuta.

An fara shiga 10:10. Jirgin ƙirar Airbus ne, mai kujeru uku-uku dama da hagu, na samu ta bakin taga. An turo mu baya daga ƙofa 10:50. A nan ne na fahimci abin da awa ɗaya da minti 20 ɗin nan ke nufi. Kamfanoni suna ƙirgawa ne daga lokacin da jirgi ya motsa daga ƙofa zuwa lokacin da ya tsaya a ƙofar can, ba daga tashi zuwa sauka ba. Heathrow tituna biyu kawai take da su, ɗaya na tashi ɗaya na sauka a mafi yawan yini, alhali jirage kusan 1,300 ne ke tashi da sauka a kansu kullum, fasinjojinta kuma sun haura miliyan 80 a 2024. Sai muka shiga layi kamar motoci a bakin shingen hanya. Ta taga na ƙirga jirage bakwai a gabanmu, har da manya-manyan da za su tsallaka zuwa Amurka. Kowane sai an ba shi tazara da na gabansa, musamman in na gaban babba ne, saboda guguwar iskar da fukafukansa ke bari a baya tana iya jijjiga ƙarami. Minti 22 muka yi muna rarrafe a ƙasa.

Ƙarfe 11:12 ƙafafun jirgin suka bar ƙasa, kuma yamma muka fuskanta. Jirgi yana tashi ne yana fuskantar iska, iskar Landan kuwa galibi daga yamma take busowa, shi ya sa kusan kashi 70 cikin ɗari na lokaci ta wannan ɓangare ake tashi. Sai da muka ɗan yi nisa sannan ya karkata fiffike ya juya kudu. Ka ga ke nan layin miƙaƙƙe da na ja a kwamfuta ba shi jirgi ke bi ba. Akwai hanyoyi a sama da masu kula da zirga-zirgar jirage suka shata, ana shiga ta wani wuri a fita ta wani, kuma duk suna ƙara nisa a kan kilomita 350 ɗin.

Tun ina ɗaki na yi wani lissafi da ya ruɗe ni. Irin wannan jirgi yana gudun kusan kilomita 830 a awa in ya daidaita a sama. Da wannan gudu, minti 25 ya isa a cinye tafiyar. To ina sauran ke tafiya? Amsar ita ce a gajeren zango irin wannan jirgi ba ya samun sararin sakin jiki. Ƙasa da tsayin ƙafa 10,000, wato kusan mita 3,000, akwai ƙa'idar kada gudu ya wuce kimanin kilomita 460 a awa. Hawa yana cin lokaci, sauka ma haka, kuma ba ya kaiwa tsayin da jiragen dogon zango ke kaiwa, domin kafin ya kai, lokacin gangarowa ya yi. Na ji haka a jikina. Hancin jirgin yana sama, ya ɗan daidaita, ma'aikata suka turo keken shayi da sauri, kafin su kai ƙarshen layi na ji ƙarar injin ta ragu, kunnuwana suka fara toshewa.

A ɗan tsakanin nan gajimare ya yage na hango teku. Mashigin da ya raba Ingila da Faransa ke nan, launin toka-toka, da jiragen ruwa kamar ƙwayar shinkafa, kowane da farin layi a bayansa. A wurin da ya fi ƙunci, kusa da garin Dover na Ingila da Calais na Faransa, faɗinsa bai wuce kilomita 34 ba. A 25 ga Yuli 1909 wani Bafaranshe, Louis Blériot, ya zama na farko da ya tsallaka shi a jirgin sama mai inji, cikin kimanin minti 37, ya ci kyautar fam 1,000 da jaridar Daily Mail ta sa. Mu a 'yan mintuna muka wuce. Na jingina goshina da gilashi ina kallon ruwan, ina tuna cewa a kan ruwan nan ne 'yan'uwanmu 'yan Afirka da wasu bayin Allah ke shiga kwalekwalen roba da dare, wasu su kai, wasu teku ta cinye su. Ni kwana 38 na jira, na ga kamar an tsaurara min. Na yi musu addu'a har ƙasar Faransa ta bayyana, gonaki kore da ja-ja a yanke kamar an sa ma'auni.

Mun taɓa ƙasa 11:58 agogon Landan. Minti 46 cif a sama. Na mayar da agogona 12:58.

Filin Charles de Gaulle, wanda aka buɗe a 1974, yana da tituna huɗu kuma faɗinsa ya kai wani gari, don haka daga inda muka sauka zuwa ƙofa sai da muka yi minti 14. Sannan doguwar tafiya a ƙafa zuwa wurin duba fasfo, inda layi ya rabu biyu: masu fasfon Tarayyar Turai a gefe guda, sauran duniya a ɗaya gefen. Jirage biyu manya sun riga mu sauka, layinmu ya yi tsawo. Da na isa gaban jami'in ya tambaye ni wurin wa na zo, kwana nawa zan yi, ina tikitin komawa. Na miƙa masa ainihin takardar masaukin da Kawu ya sha wahala a kanta. Shawarata ga duk mai irin wannan tafiya ita ce ya riƙe takardun da ya nemi biza da su a hannu, kada ya bar su a gida yana ganin aikinsu ya ƙare, domin biza izinin zuwa bakin ƙofa ce, jami'in iyaka ne ke da maganar ƙarshe. Ya duba, ya miƙo min fasfona. Ƙarfe 13:55.

Filin yana kimanin kilomita 25 arewa maso gabashin Paris. Na sayi tikitin jirgin ƙasa na layin RER B, muka tashi 14:15. A hanya na ga allon wata tasha an rubuta Le Bourget, sai gabana ya faɗi don murna, domin na karanta labarin wurin a daren da nake lissafi. A 25 ga Agusta 1919 aka fara jigilar fasinja ta sama kullum tsakanin Landan da Paris. Jirgin farko ya tashi daga Hounslow Heath, dab da inda Heathrow take a yau, da fasinja ɗaya da 'yan kaya, ya sauka a Le Bourget bayan awa biyu da rabi. Shekara ɗari da 'yan kai sun rage tafiyar sama zuwa minti 46, amma duk abin da aka rage a sama an mayar da shi a ƙasa, a layuka da bincike da nisan filaye daga gari. Ban ce binciken ba shi da dalili ba, yana da shi. Abin da nake ganin bai dace ba shi ne a nuna wa mutum awa ɗaya da minti 20 a allo da manyan baƙaƙe, a bar shi ya gano sauran da kansa.

Na sauka a Gare du Nord 14:50, na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 4, tasha biyu zuwa Château Rouge. Ina haurowa daga matattakala na ji ƙamshin busasshen kifi da manja, ga doya da kuɓewa da attaruhu a baje, ga mata da ɗaurin ɗankwali suna ciniki. Kawu yana tsaye a bakin tashar da sandarsa da hula, ya fi rabin awa yana jira a cikin sanyi. Na durƙusa, ya ɗago ni ya rungume. Ya ce, "Sannu da hanya, ɗana. Ka ga fuskar mahaifiyarka sak." Na ce, "Kawu, da kun zauna a gida, ai da na nemo ku." Ya ce baƙon da ya zo a madadin ƙanwarsa ba a barinsa ya yi ta tambayar hanya.

Mun shiga gida 15:15, wato 14:15 a Landan. Na buɗe littafina: daga 7:20, awa bakwai ba minti biyar. A cikinsu minti 46 ne kawai na yi a sama. Na yi alwala na haɗa Azahar da La'asar ƙasaru, tun da nisan ya ninka abin da malamai suka gindaya sau da yawa, kuma zamana bai kai kwana huɗu ba. Sannan aka miƙo min jaririn. Taubashiyata ta ce ta riga ta gaya wa yaron cewa yana da wani kawu a Landan da ke bin sa bashin zuwa suna, yanzu ya zo da riba. Da na fito da kwalaben humra huɗu ta buɗe ɗaya ta shinshina, sai ta yi shiru, hawaye suka zubo mata, ta ce ƙamshin gidan Gwaggo. Sau ɗaya ta taɓa zuwa Kano, tana 'yar shekara tara.

Juma'a muka yi salla a Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926. Asabar aka yi arba'in, aka dama kunun kanwa, aka ci tuwo da miyar kuka. Lahadi na kama hanya.

Dawowar ba ta da dogon labari, kuma rashin labarin shi ne abin lura. Mun bar gida 13:40, Kawu ya rako ni a ƙafa, a hankali saboda gwiwarsa, minti 20 zuwa Gare du Nord. A benen tashar ake yin komai: jami'an Faransa su duba fasfo, ka yi taku kaɗan na Birtaniya su duba, kaya su bi ta na'ura, ba ruwan kowa da girman kwalbar ruwanka. Jirgin Eurostar ya tashi 15:10. Hanyar dogon ta fi ta sama tsawo sosai, kusan kilomita 490, domin sai ta yi arewa ta wajen Lille kafin ta juya zuwa Calais, amma yana gudun kilomita 300 a awa, kuma babu hawa babu gangara babu layin jiran titi. Kusa da Calais muka shiga ramin ƙarƙashin teku, mai tsawon kilomita 50, wanda kusan 38 daga ciki suna ƙarƙashin ruwa. Sarauniya Elizabeth ta Biyu da Shugaba François Mitterrand ne suka buɗe shi a 6 ga Mayu 1994. Kimanin minti 20 taga ba ta nuna komai sai duhu da inuwar fuskata, sannan muka ɓullo a Folkestone, rana tana shirin faɗuwa. Ƙarfe 16:30 agogon Landan muka tsaya a St Pancras, a tsakiyar gari, kuma tun da an gama duba fasfo a Paris, ficewa kawai na yi. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya kai ni Whitechapel, na sa makulli a ƙofa 17:10.

Awa huɗu da rabi daga ƙofa zuwa ƙofa. Jirgin da aka rubuta masa awa biyu da minti 20 ya riga wanda aka rubuta masa awa ɗaya da minti 20 da kusan awa biyu da rabi. Irin wannan lissafi ne ya sa a 2023 Faransa ta hana jigilar sama tsakanin filin Orly na Paris da biranen Bordeaux da Nantes da Lyon, inda jirgin ƙasa ke kaiwa cikin ƙasa da awa biyu da rabi. Dokar ta cikin gida ce, ba ta shafi Landan ba, kuma jirgin sama yana da ranarsa: ga wanda ya taso daga Abuja ko Legas zai sauya jirgi a filin, ko wanda gidansa ke kusa da Heathrow, ko wanda aljihunsa bai kai kuɗin jirgin ƙasa ba, kamar yadda nawa bai kai ba a zuwa. Amma daga ɗakina zuwa falon Kawu, na riga na san wanda zan hau in kuɗin sun yi kusa da juna.

Bizar da aka ba ni ta shiga sau ɗaya ce, ta ƙare aikinta tun da na fito. Taubashina, ƙanin mai jego, zai yi aure a watan Yuni, kuma doka ta yarda a nemi biza tun saura wata shida. A daren nan na kira Inna na ba ta labarin yayanta da jikansa, ta sa na maimaita mata yadda ya tsaya a bakin tasha har sau biyu. Da muka gama na buɗe littafin, a ƙarƙashin 17:10 na rubuta ranar da zan fara neman gurbi a watan Janairu, da abin da zan roƙi Kawu ya fara haɗawa na takardar masauki.